Daga Passau zuwa Vienna a kan keke: amsa ga ƙanenmu mai tambaya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya: kana da hutun mako guda a watan Yuli, kana so kai da maiɗakinka ku bi gaɓar kogin Danube a kan keke, amma ita rabonta da keke tun tana firamare, shin za ta iya? Ni da uwargidana mun yi wannan tafiya, bari in ba ka abin da idona ya gani.

Za ta iya, in dai ba ka mayar da abin tsere ba. Daga Passau, a bakin iyakar Jamus da Ostiriya, zuwa Vienna kilomita 320 ne da 'yan kai, kuma kusan duk hanyar shimfiɗe take kamar faifai. Dalili kuwa, yawancinta tsohuwar turba ce da dawakai ke bi a da suna jan jiragen kaya daga bakin ruwa, daga baya aka zuba mata kwalta aka bar wa masu keke. Ku bi ta inda ruwa ke gangarawa, wato ku fuskanci gabas. Iska ma galibi daga yamma take busowa, sai ta riƙa tura ku ta baya. Mun sha cin karo da waɗanda suka taso daga Vienna, kai a sunkuye, suna ta fama.

Kuskurena na farko shi ne lissafi a kan takarda. Na raba tafiyar kwana huɗu, kilomita 80 kullum, ina ganin ai ƙafa ce kawai. Ashe ƙafa ba ta da laifi, sirdi ne mugun. Da asubar kwana na biyu uwargida ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, "Malam, yau kam ko dai ka goya ni ko ka nemo mini kujerar falo." A nan na yaga lissafin, muka koma kilomita 45 zuwa 55, tafiyar ta ci mana kwana bakwai. Don haka tun yanzu ku fara fita da yamma, awa ɗaya ko biyu, jiki ya saba da zama. Ku sayi wandon nan mai soso a ciki, ana sa shi ƙarƙashin kaya, ba wanda zai gani. Ita ta sa dogon wando da riga mai kaiwa gwiwa, don zani ko doguwar abaya kaca na iya cafkewa. In da hali, ka karɓar mata hayar keke mai batir.

Rana ta farko za ku isa Schlögen, inda kogin ya yi wata irin lanƙwasa, ya juya kamar zai koma inda ya fito. Idan kuna gaɓar arewa, hanya takan ƙare a wajen, sai an shiga ɗan jirgin fito da ke ɗaukar mutane da kekunansu. Ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu, kuma kada ku kai yamma liƙis, masu fiton na tashi daga aiki. Akwai wani tudu a gaɓar kudu da ake hawa a ƙafa, kamar rabin awa, daga samansa ake ganin lanƙwasar gaba ɗaya. Gumin da za ku yi bai faɗi a banza ba.

Linz babban gari ne, a nan za ku samu shagunan Turkawa da naman halal, ku cika jaka. Gaba kaɗan akwai Mauthausen, sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane daga 1938 zuwa 1945, inda aƙalla mutum 90,000 suka mutu a cikinsa da rassansa. Yana kan tudu, mu tura kekunan muka yi. Mun fito ba mai cewa uffan har muka yi nisa.

Maganar ci da sha ka buɗe kunne. A ƙauyuka alade ya yi yawa, har cikin miya da dankali ake barbaɗa shi. Ka haddace kalmomin Jamusanci uku masu nuna naman alade: Schwein, Speck, Schinken, duk inda ka gan su ka wuce. Kifi da ƙwai da cuku da burodi suka riƙe mu. Sannan akwai wani abin sha da ake kira Radler. Ma'anar sunan "mai keke", kuma za ka ga kowa a hanya yana kurɓa, sai ka ɗauka lemo ne. Giya ce aka gauraya da lemo. Saura ƙiris in yi oda, wani dattijo a teburin kusa ya ga hular uwargida da ɗankwalinta ya ɗaga mini yatsa. Ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke, ku yi cefane tun Asabar. Salla ba ta ba mu wahala ba, ga ciyawa ga inuwa ga ƙasaru, sai dai a Yuli magariba na kaiwa wajen ƙarfe 9, asuba kuwa tun dare bai gama ba.

Inda nake so ku kashe lokaci shi ne Wachau, tsakanin Melk da Krems, bai kai kilomita 40 ba. Ku ba shi yini guda cur. Gonakin inabi ne hawa-hawa a jikin duwatsu, da ƙananan garuruwa masu lungu irin Dürnstein, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192 yana dawowa daga yaƙi da Salahuddin. Yuli kuma lokacin nunar wani ɗan itace ne da suke kira Marille, girmansa kamar ƙwan kaza, launinsa ruwan goro. Mun tarar da shi a kan wani tebur a ƙofar gona, ba mai tsaro, sai ɗan akwatin jefa kuɗi. Uwargida ta tsaya tana waige-waige, wai ina mai kayan.

Daga Tulln zuwa gaba ba wani abin kallo sosai, doguwar hanya ce a kan jingar ruwa, ga sauro da yamma. Ku tafi da maganin shafawa, da famfo da tub ɗaya na ajiya, don ba mai faci a gindin bishiya.

Masauki ku kama tun yanzu, Yuli cike take da mutane. Haka ma gurbin keke a jirgin ƙasa na dawowa, manyan jiragen sai an yi rajistarsa tun da wuri. Idan kun shiga Vienna, babban masallacinsu da aka buɗe a 1979 yana dab da kogin, za ku hango hasumiyarsa daga kan keke. In kun daidaita isowarku da Juma'a, ku ɗaure kekunan a ƙofarsa. Ka gaida mini mutuniyar.