Amsa ga ƙanenmu da ke son kai 'yarsa Katsina

Assalamu alaikum ƙanena. Tun bayan la'asar na ga tambayarka, amma hannuna ya ƙi rubutu sai yanzu, domin abin ya taɓa ni inda ban gama warkewa ba. Ka ce 'yarka da ke aji uku a firamare a nan Japan ta daina son zuwa makaranta, yara na ce mata fatarta datti ce, suna ce mata ta koma ƙasarsu, har ta fara roƙon mamanta a miƙar mata da gashi, kai kuma zuciyarka na raya maka ka kai ta Katsina wurin Hajiya ta yi karatu a can. Kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan. Wallahi akwai, kuma ba ni kaɗai ba. Na tabbata a nan akwai iyayen da suka karanta suka yi shiru ne kawai saboda ciwon ya yi musu yawa.

Don Allah kada ka ce mata ta yi haƙuri. Mamanta Bajapaniya ta ce gaman, wato a daure, kai ka ce haƙuri, to wa ya rage da zai tsaya mata? Yarinyar da ta iya buɗe baki ta faɗa muku abin da ake mata ta yi ƙoƙari ƙwarai. Nawa ɗan bai faɗa ba.

Yana aji huɗu lokacin, a nan Saitama. Wani yaro ya ce ambulan ɗin kuɗin da aka ba shi ya kawo makaranta ya ɓace. Aji cike da yara, amma malamar ajinsu jakar ɗana kaɗai ta ce a kawo gaban allo. Ta zazzage randoseru ɗinsa, jakar goyon makaranta, a kan tebur kowa na kallo. Littattafansa, akwatin fensirinsa, har bento ɗinsa, abincin ranan da mamansa ke dafa masa kullum saboda naman alade da ke cikin abincin makaranta, sai da ta kwance ƙyallen ta duba ƙarƙashinsa. Ba ta ga komai ba. Washegari uwar wancan yaron ta bugo waya ta ce ambulan yana gida, a bakin ƙofa aka manta shi. Ka san abin da malamar nan ta yi? Ba ta yi komai ba. A gaban aji ta tozarta shi, amma ba ta tsaya a gaban aji ta wanke shi ba. Yara kuwa suka laƙaba masa dorobo, ɓarawo, har a hanyar komawa gida suna binsa da shi.

Mu ba mu san komai ba. Abin da muka gani shi ne ciwon ciki kowace safiya. Mu je asibiti, likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Yaro mai surutu ya koma ba ya magana a wurin cin abinci. A kanti matata ta haɗu da uwar wata 'yar ajinsu, ita ce ta ja ta gefe tana ba da haƙuri, tana zaton mun sani.

Da muka je makarantar, malamar nan ko sau ɗaya ba ta dubi fuskata ba. Da matata take magana, ni kamar kujerar da na zauna a kai. Ta ce ba da wata manufa ta yi ba, ta ce teburinsa ne ya fi kusa, ta ce wataƙila bambancin al'ada ne ya sa muka ɗauki abin da zafi. Na ce mata wace al'ada? Yaron nan a asibitin garin nan aka haife shi, sunansa yana cikin koseki, rajistar iyali, ta mamansa, da Japananci ya fara magana, da Japananci yake kuka. Wace al'adar ce ta ce a buɗe jakar yaro ɗaya a bar ta saura? Sai ta yi murmushi ta ce kai, Japanancina ya yi kyau. Ƙanena, na rantse da Allah a rayuwata ba a taɓa yi mini cin fuska irin na wannan murmushin ba. Jikina na rawa, matata ta riƙe mini hannu a ƙarƙashin tebur don ta san in na ɗaga murya shi ke nan, an samu abin faɗa, a ce ga baƙar fata ya zo yana faɗa a makaranta. Yaran na daɗe da yafe musu, yara ne, abin da suka ji a gida suke maimaitawa. Ita kuwa babba ce, an ba ta amanar ɗana, ta ci amana, kuma har ta bar makarantar a sauyin malamai na watan Afrilu ba ta taɓa durƙusawa ta ce wa yaron nan ya yafe mata ba. Na bar ta da Allah.

Amma abin da ya fi karya ni ya zo ne daga baya. Ana gab da ranar da iyaye ke zuwa kallon darasi, ya same ni ina jiran lokacin sallah, ya tsaya nesa ya ce, "Baba, kada ka zo. Mama kaɗai ta zo." Na ce me ya sa? Ya ce in yara suka gan ni za su tuna. Ɗan da na haifa, wanda na yi wa huɗuba a kunne, yana tsoron a gan shi da ni. Na shiga mota na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na faɗi wannan ne don in taka ta faɗa maka makamancin haka, kada ka ɗauka ta ƙi ka ne. Tsoro ne.

Na je ɗin kuwa, kuma ba ni kaɗai ba. Surukina, mahaifin matata, wanda da farko bai so aurenmu ba ko kaɗan, da ya ji abin da aka yi wa jikansa sai ya sa kwat da wuya ya ce a kai shi wurin shugaban makaranta. Ranar na ga yadda murya ɗaya take sauya ɗaki. Maganar da na faɗa aka yi mini murmushi, ita ce tsohon ya faɗa kowa ya sunkuyar da kai. Abin da ciwo, amma haka ƙasar take, saboda haka in kana da jiichan ko baachan, kakanninta na wajen uwa, da ke son yarinyar nan, ka jawo su ciki. Jikarsu ce.

Kuma komai a rubuce. Mu mun saba a zauna a yi magana a tashi, nan kuwa abin da ba ya kan takarda bai faru ba. Ku rubuta a renrakucho, littafin saƙo tsakanin iyaye da malami: rana kaza, a wuri kaza, an ce mata kaza. Ku ɗauki hoton shafin kafin ya tafi makaranta. Ku sa kalmar ijime, wato cin zali, ƙarara, kada ku bari a mayar da ita "wasan yara" ko "rashin fahimta". Tun 2013 akwai dokar hana cin zali a makarantu, wadda aka yi bayan mutuwar wani ɗalibi a garin Otsu a 2011, kuma ta ɗora wa makaranta nauyin bincike da zarar an kai ƙorafi. A dokar, abin da ake dubawa shi ne ko yaron da aka yi wa ya ji ciwo a ransa, ba niyyar wanda ya yi ba. In yaro ya daina zuwa makaranta kusan kwana 30 saboda haka, ana ɗaukarsa babban lamari. In malamin aji ya yi kunnen uwar shegu, a je wurin mataimakin shugaba, a je wurin shugaba, in ya ƙi a wuce hukumar ilimi ta gari. Mu sai da takardarmu ta ambaci hukumar ilimi sannan shugaban ya tsaya a gaban aji da kansa ya ce ɗana bai ɗauki komai ba. In ba ta iya shiga aji yanzu, a nemi ta riƙa zama a ɗakin jinya na makaranta na ɗan lokaci, ana yi, namu ya yi.

Maganar gashi kuwa, ka roƙi mamanta kada ta sa mata maganin miƙarwa tana wannan shekarun. Ba laifin mamanta ba ne, ba ta tashi da irin gashin ba, ba ta san yadda ake taje shi ba. Matata a wurin wata 'yar'uwa 'yar Ghana ta koyi kitso saboda ƙanwar yaron, yanzu kalaba take mata da kanta. Ka nemo mata mace irin wannan, yarinya ta ga babbar mace mai gashi irin nata tana alfahari da shi. Kuma ku shirya tun yanzu, domin a sakandare dokar gashi ta fi tsanani. Ka tuna yarinyar Osaka da ta kai ƙara a 2017 saboda an tilasta mata rina gashinta baƙi? Sai 2022 makarantun gwamnatin Tokyo suka soke irin waɗannan dokoki. Amma a 2023 a Himeji, yaro mai uba baƙar fata ya yi kitso don bikin kammala sakandare, aka ware shi daga 'yan ajinsu, aka ce ko an kira sunansa kada ya amsa. Da na karanta labarin na kasa cin abinci.

Yanzu Katsina. Ni dai ban goyi baya ba, ka yi haƙuri in na faɗa kai tsaye. Yarinya 'yar shekara tara da yara suka ce wa ta koma ƙasarsu, sai kuma ubanta ya saka ta a jirgi, me za ta fahimta? Cewa gaskiya suka faɗa. Ga rabuwa da uwa. Kuma kada ka zaci a gida za ta ɓace cikin mutane. Da na kai nawa Kano hutun bazara, yaran unguwa 'yan Cana suke ce musu, wasu su ce Turawa, ana taruwa a ƙofar gida ana leƙensu. Ɗana ya tambaye ni, to a ina ne ba za a kalle shi ba? Ban da amsa. Amma ziyara daban ce, ita kam ka yi ko da bashi ne. Mahaifiyata ta rungume shi tana ce masa maigidana ya zo, ina cefane, 'yan'uwa suka cika gida kowa na cewa hancin kakansa ne, tafiyar kakansa ce. Yaron da kullum ake gaya masa bai yi kama da kowa ba, ya ga gida guda na masu kama da shi. Ya dawo da ƙarfin da ban iya ba shi ba. Ka kai ta ta ga Hajiya, ta sha fura, a yi mata lalle, ku dawo tare.

Wasu za su ce ka nuna mata Naomi Osaka mai wasan tanis da Hachimura mai ƙwallon kwando. Ka nuna mata, yana taimakawa. Ɗana ya manna hoton Rui Hachimura a ɗakinsa tun da aka ɗauke shi a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, don shi ma ubansa ɗan Benin ne, a Toyama ya tashi. Akwai Sani Brown mai gudu da mai tsaron gida Zion Suzuki, dukkansu iyayensu maza 'yan Ghana ne. Sai dai ni abin yana ɗan ci mini rai. Hachimura ya riƙe tutar Japan a gasar Olamfik ta Tokyo, amma a shekarar 2021 ɗin ƙanensa ya nuna saƙon zagi na wariya da aka turo masa, shi kuma ya ce kusan kullum yana samun irinsa. Suzuki ya sha zagi lokacin gasar kofin Asiya a farkon 2024. Ariana Miyamoto, mai uba baƙar fata, ta ci sarauniyar kyau ta Japan a 2015 aka ce ba ta isa Bajapaniya ba, alhali a garin Sasebo na Japan aka haife ta. Ba na son 'ya'yanmu su tashi da tunanin sai sun ciyo lambar zinariya kafin a yarda su 'yan ƙasa ne. 'Yarka ko ba ta iya gudu ba, ko lissafi yana ba ta wahala, Bajapaniya ce cikakkiya, Bakatsiniya ce cikakkiya. Kusan ɗaya cikin kowane jarirai 50 da ake haifa a ƙasar nan ɗaya daga iyayensa baƙo ne. Ba ita kaɗai ba ce, ko da ita kaɗai ce a ajinsu.

Ba zan ce maka abin yana ƙarewa ba. Yanzu nawa ya fi ni tsawo, 'yan sanda sun fara tare shi a kan keke suna neman katin zama, katin da ba shi da shi don shi ba baƙo ba ne. Ya ce musu shi ɗan ƙasa ne, su ce ya nuna shaida. Ƙungiyar lauyoyin Tokyo ta yi bincike a 2022, cikin mutum sama da 2,000 masu asali daga waje kusan kashi 63 cikin ɗari sun ce 'yan sanda sun tare su a shekaru biyar ɗin da suka gabaci binciken, kuma a Janairun 2024 mutum uku suka kai ƙara kotu a Tokyo kan haka. Ga maganar zaɓen ƙasar da zai riƙe, Japan ko Najeriya, ma tana jiran ɗana, tun da aka sauya doka a 2022 kafin ya cika shekara 20 ne zai zaɓa. Kai ma ka tabbata ka yi mata fasfon Najeriya, takardunta su cika ta kowane ɓangare.

Kuma mu ma mu ji tsoron Allah. Nawa ne cikinmu suka haifi yara a ƙasar nan suka ɓace, aka bar uwa ita kaɗai da ɗa baƙi a ƙauye, ba wanda zai gaya masa sunan kakansa? Wasu kuma suna gida amma daga yadin motoci sai barci. Ka yi mata Hausa ko da Japananci take amsa maka. Ka kai ta masallaci ranar Asabar inda za ta ga yaran Pakistan da Indunusiya da Senegal masu uwa Bajapaniya kamarta. Ka je ranar wasanni ka zauna a gaba, ka gai da iyayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, su san tana da uba.

Ka turo mini saƙo ta gefe. Kwafin takardar da muka kai wa shugaban makaranta yana nan, matata ta ce za ta zauna da madam ɗinka su gyara shi ya dace da naku, kuma in kun yarda mu zo da yaran ranar Lahadi 'yarka ta haɗu da ƙanwar ɗana. Amma gobe da safe, kafin komai, ku fara rubuta ranakun.