Tambaya da Amsa: An ce baƙaƙen fata za su gina filin golf na alfarma a Belize, in sayi fuloti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin New York, shekara 14 ke nan ina tuƙin tasi. A wani taro aka nuna mana bidiyon katafaren wurin shaƙatawa da za a gina a gaɓar teku a ƙasar Belize da ke Amurka ta Tsakiya: otal na alfarma, gidaje, da filin wasan golf mai rami 18. Suka ce masu aikin baƙaƙen fata ne tun daga sama har ƙasa, ba su ci bashin banki ko sisi ba, kuma wanda ya sayi fuloti yau a kan dala 60,000 zai ga kuɗinsa sun ninka cikin shekara uku. Hankalina ya kwanta da abin saboda namu ne. Me ya kamata in duba kafin in ba da kafin alƙalami?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kishin da ya ja ka yana da tushe. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, PGA, ta rubuta a tsarinta tun 1934 cewa farar fata kaɗai ke zama mamba, ba ta goge wannan sharaɗi ba sai a 1961. Bill Powell, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, da ya dawo gida aka hana shi shiga filaye, banki kuma ya hana shi rance, sai ya sayi gona a jihar Ohio a 1946 ya gina filinsa, Clearview. Ya buɗe rami tara a 1948. Sauran taran ba su kammalu ba sai 1978. Riƙe wannan tazara ta shekara 30 a ranka, domin ciyawa da ruwa da takardar fili ba su san launin mai su ba.

Mu fara da maganar da ta fi kwantar maka da hankali, wato rashin bashin banki, don ita ce ta fi tayar da namu. A ƙarshen 2018 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta maka masu wani aiki da ake kira Sanctuary Belize a kotu. A gundumar Stann Creek yake, a kudancin wannan ƙasa da ake tallata maka. Sun yi wa mutane alkawarin filin golf, asibiti, otal da tashar jiragen ruwa, sun ce komai zai kammala cikin shekara biyu zuwa biyar, sun ce fuloti zai ninka, sun kuma ce aikin ya fi aminci tunda babu bashi a kansa. An karɓi sama da dala miliyan 100 daga hannun jama'a, kotu ta yanke musu biyan kusan miliyan 120. Wannan ba ya nufin mutanenka su ma 'yan damfara ne. Abin lura shi ne banki, duk da ruwan da yake ɗorawa, ba ya sakin kuɗi sai ya tura lauyansa ya tono takardar fili, ya tura injiniyansa ya auna aiki, sannan ya riƙa biya kashi-kashi gwargwadon abin da aka gina. Idan babu banki, babu wannan ido. Kai da sauran masu sayen fuloti ne bankin, kuma banki ne marar jingina.

Sai fili. Belize tana barin baƙo ya mallaki ƙasa kai tsaye, ba kamar Ghana ba inda tsarin mulkin 1992 ya taƙaita baƙo ga hayar da ba ta wuce shekara 50. Dokokin Belize da Turanci suke, saboda haka za ka iya karanta komai da kanka. Nemi lambar filin da sunan da ke kan takardar mallaka, ka ɗauki lauya a can wanda kai ka nemo shi, ba wanda kamfanin ya nuna maka ba, ya bincika a ofishin rajistar filaye da ke Belmopan. Abu uku kake nema: sunan wa ke kai, akwai jingina a kai ko babu, kuma gwamnati ta amince a yanka shi fuloti-fuloti ko ba ta amince ba. Sau da yawa abin da mai aiki ke riƙe da shi takardar alkawarin saye ce kawai, yana jiran kuɗinka ya cika wa mai gonar. Wannan cinikin biri a sama ne. Ka kuma sa harajin hatimi na kashi 8 cikin 100 da ake karɓa daga baƙo a lissafinka.

Yanzu filin golf ɗin kansa, wanda wasu jaridunmu ke kira ƙwallon lambu. Rami 18 na cin hekta 60 zuwa 70, kafin a zo kan otal, hanyoyi da gidaje. A ciki, wajen hekta 35 zuwa 40 ciyawa ce da sai an shayar da ita. Mutane kan ɗauka ƙasa mai zafi da damina ba ta da matsalar ruwa, kuma lallai kudancin Belize na samun ruwan sama da ya kai milimita 4,000 a shekara a wasu wurare. Amma daga Fabrairu zuwa Mayu rani ne, kuma a lokacin ne masu yawon buɗe ido daga ƙasashen sanyi suka fi cika otal, suna so su ga fili kore shar.

Ga lissafin. A rana mai zafi da iska, ciyawa kan rasa kusan milimita 5 na ruwa. Milimita 5 a kan hekta ɗaya lita 50,000 ce. A hekta 40, lita miliyan biyu ke nan kowace rana, kwatankwacin tankokin mai 60 masu ɗaukar lita 33,000. Rani na kwana 100 zai sha lita miliyan 200. In za a tara wannan a tafki mai zurfin mita uku, tafkin zai ci kusan hekta bakwai, kuma sai an shimfiɗa masa leda mai kauri a ƙasa in ƙasar mai yashi ce ko mai farar dutse da ke tsotse ruwa. Duba taswirar da suka nuna maka: ina tafkin? In sun ce rijiyar burtsatse za su haƙa, ka sani cewa a bakin teku, idan aka matsa wa rijiya da zuƙa, ruwan gishiri kan kutso ta ƙasa ya lalata ta, ya haɗa da rijiyoyin ƙauyen da ke maƙwabtaka. Ka nemi rahoton gwajin rijiya, mai nuna lita nawa take bayarwa a awa da yawan gishirin da ke ciki, kuma a ce a ƙarshen rani aka yi gwajin. Duk wanda ya san tsofaffin filayen golf na arewacin Najeriya, inda aka daɗe ana buga ƙwallo a kan yashin da aka kwaɓa da mai a maimakon ciyawa, ya san ruwa ne ke yanke hukunci.

Damina kuma tata matsalar daban ce. Da'irar da ke kewaye da kowane rami, wadda 'yan wasa ke kira girin, ba ciyawa ce kawai a kan ƙasa ba, gini ne. Bisa tsarin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta shimfiɗa, ana haƙa wurin, a jera bututun magudana masu faɗin santimita 10, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita huɗu da rabi, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10, sannan a ɗora cakuɗen yashi mai kaurin santimita 30. Akasarin ƙwayoyin yashin su kasance tsakanin kwata na milimita da milimita ɗaya. Girin 18 sun kai hekta ɗaya ko fiye, wato yashi kubik mita 3,000 zuwa sama, kuma ba kowane yashi ba. Yashin bakin teku na yankin, wanda asalinsa murjani ne da ɓawon dodon koɗi, yana narkewa a hankali, ya toshe ƙofofin ruwa, ya kuma hana saiwa shan wasu sinadarai. Shi ya sa filaye da dama a yankin Karibiyan ke shigo da yashi ta jirgin ruwa. Wanda ya yi tsimi a nan zai gani a damina ta biyu: ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, girin ya yi baƙi yana wari, gyaransa kuma sai an tone shi gaba ɗaya.

Ciyawar da ake shukawa a irin wannan yanayi ba ta wuce uku: Bermuda, wadda 'yar gidan kiri-kirinmu ce, da Zoysia, da Paspalum ta bakin teku. Masu talla sun fi son ambaton Paspalum saboda tana jure gishiri. Gaskiya ne, amma sai ta kafu. Lokacin dashe ruwan daɗi take so, kuma ko bayan ta girma dole a riƙa wanke gishirin da ya taru a ƙasa da ruwan daɗi. Ba a shuka yawancinsu da iri, sassan jijiya ake watsawa a danne, a yi ta ban ruwa sau da yawa a yini, a jira wata huɗu zuwa shida kafin ta rufe ƙasa. Ana aske girin kullum da asuba zuwa tsayin kusan milimita 3. Tsutsar nan da ta addabi masara a ƙasashenmu tun 2016 asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma tana iya cinye ciyawar Bermuda cikin 'yan kwanaki. Feshi da taki kuma suna da iyaka a Belize, domin gaɓarta na fuskantar jerin duwatsun murjani da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996, ta kuma cire shi daga jerin masu fuskantar haɗari a 2018 bayan ƙasar ta tsaurara dokoki, har da na sare itatuwan mangurof masu tsirowa a bakin teku. Aiki irin wannan ba ya tafiya sai da rahoton tasirin muhalli da amincewar Sashen Muhalli na ƙasar. Takarda ce da ake iya nunawa. In an ce maka "tana hanya", to aikin ma yana hanya.

Guguwa ba sai an faɗa da yawa ba. Lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Hattie ta 1961 ce ta sa aka ɗauke babban birni daga bakin teku zuwa Belmopan, Iris ta 2001 kuma ta ragargaza yankin Placencia. Tambayi tsayin fulotinka daga matakin teku, da abin da kamfanin inshora zai caje ka a shekara, a rubuce.

To ina ribar take? Filin golf da kyar yake ciyar da kansa. 'Yan wasa huɗu ke tashi duk minti goma. Daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, mutum 168 ne iyakar abin da filin zai ɗauka, kuma ba kullum yake cika ba, balle a damina. Daga abin da ya shigo za a biya ma'aikata, man injinan aski, wutar famfo, taki da magani. Aikin filin shi ne ya ɗaga darajar fulotin da ke gefensa, ya kuma cika ɗakunan otal. Masu harkar otal suna da ƙiyasin da suke yi da ka: duk dala 1,000 da aka kashe wajen gina ɗaki, sai an karɓi dala ɗaya a kwana. Ɗakin da ya ci dala miliyan ɗaya, kuma na alfarma kan kai haka, yana neman baƙon da zai biya dala 1,000 a dare. Wa zai kawo wannan baƙo, ta wane filin jirgi, tafiyar awa nawa a mota? Idan sun ambaci sunan wani babban kamfanin otal ko wani shahararren mai zana filin golf, rubuta wa ofishinsu ka tambaya ko an sa hannu a kwangila, ko wasiƙar nuna sha'awa ce kawai.

Kalmar "namu ne" ita ma tana son tonawa. Mai fili daban, mai gini daban, mai tafiyar da otal daban, kuma mai shi a yau ba lallai ne ya zama mai shi ranar buɗewa ba. Wurin shaƙatawa na Baha Mar a Bahamas, mai filin golf da shahararren ɗan golf Jack Nicklaus ya zana, ya shigar da takardar karayar arziki a watan Yunin 2015, ya buɗe a Afrilun 2017 a hannun wani kamfanin Hong Kong, wanda ya faro aikin kuma ya rasa shi. Birnin mawaƙi Akon a Mbodiène ta Senegal, da aka ce zai ci dala biliyan shida, an aza harsashinsa a 2020, a 2025 hukumomin ƙasar suka ce babu shi. Sheila Johnson kuwa, baƙar fata, ɗaya daga waɗanda suka kafa tashar talabijin ta BET, da ta shiga harkar golf a 2007 sai ta sayi Innisbrook a Florida, wurin da ciyawarsa ta riga ta kafu kuma baƙi ke zuwa, ta gyara. Saboda haka nemi takardar rajistar kamfanin ka ga wa ke riƙe da kashi nawa, da abin da zai faru da kason in an nemo ƙarin jari. Ka kuma tambayi matsayin 'yan ƙabilar Garifuna na garuruwan Hopkins da Dangriga da Seine Bight, da 'yan ƙabilar Kiriyol na ƙasar, waɗanda su ma baƙaƙe ne kuma gaɓar tasu ce tun kaka da kakanni: masu hannun jari ne, ko masu ɗaukar jakar sandunan golf?

Tunda a Amurka aka yi maka tallar, kana da kariya biyu. Dokar sayar da filaye ta 1968 ta shafi har filayen waje da ake tallatawa a can: aikin da ya kai fuloti 100 ana yi masa rajista da hukumar kare jama'a a harkar kuɗi, CFPB, a ba ka rahoton fili kafin ka sa hannu, kuma kana da kwana bakwai na janyewa. In kuwa hannun jari ake sayar maka ta hanyar tara kuɗi daga jama'a, akwai takardar da ake kira Form C da ya kamata ka samu a rumbun hukumar kula da hannun jari, SEC, a intanet, kuma iyakar abin da za a tara ta wannan hanya dala miliyan biyar ne a wata 12, abin da ba zai gina filin golf na alfarma da otal ba. Sai ka tambayi inda sauran za su fito.

In duk waɗannan sun fito fes, kuɗinka su shiga asusun amana a hannun wani na uku, a riƙa sakin su bisa matakan da aka rubuta: hanya, wuta, ruwa, sannan takarda da sunanka. Kwangilar ta faɗi ranar da za a mayar maka da kuɗinka in ba a gina filin golf ɗin ba. Sannan ka sayi tikiti ka je, a watan Afrilu ka ga rijiyar, ko a watan Oktoba ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka sa safiyo ya nuna maka turakun fulotinka huɗu.