Batun ƙwai da kika tambaya

Kishiyata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini. Wai surukarki ta hana ki ba yaro ƙwai, ta ce zai tashi da sata, ke kuma a asibiti an ce ki fara ba shi tun yana wata 6, shi ne kike so in faɗa miki inda maganar ta samo asali. Na yi dariya, amma daga baya jikina ya yi sanyi, don na lura a gidanki ko akurki babu.

Mu ma da wannan magana aka raine mu. Sai dai ki san lokacin da aka fi tsananta ta, wato ƙarshen bazara, in zafi ya kai maƙura, gabas ta fara haɗa hadari. Lokacin rumbu ya yi ƙasa, harawa ta ƙare, awaki na yini a gindin gawo suna jiran 'ya'yansa su faɗo. To a daidai nan zabi ke fara saka. Zabuwa kuwa ba ta iya reno ba. A cikin ciyawa take zuba ƙwanta, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Shi ya sa ake kwaso ƙwan a sa wa kaza mai kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabi sai ya kai 28, saboda haka Inna takan fara jera na zabin, bayan mako guda ta ƙara na kazar, don su fito tare. Takan ce, "Wanda ya ci ƙwai a bazara ya ci akuyarsa ta baɗi."

Shekarar da ta biyo bayan farin 1973, kaza ɗaya tal ta rage mana, wata wake-wake mai faɗan tsiya. Sauran duk an sayar an sayi hatsi. Yayana ya bi sawun zabin maƙwabcinmu har ya gano inda suke saka a cikin sabara, mai zabin ya ce a ɗiba, in sun fito a raba. Da ludayi Inna ta kwaso su, wai kada zabuwa ta ji warin hannu ta sauya wuri. Ta gwada su a ƙwaryar ruwa, wanda ya taso sama ta ware shi, ta barbaɗa toka a ƙarƙashin rumbu saboda ƙwarƙwata, ta shimfiɗa ƙaiƙayi. Ni aka ɗora wa aikin. Kullum da asuba in je in ɗauko tukunyar da muka kife a kan suri da kashin shanu a ciki don ta tara gara, in sauya ruwan kasko, in jefa ɓawon maɗaci.

Saura 'yan kwanaki su fito ruwan farko ya sauko da daddare, da iska mai cire jinka. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin rumbu. Inna ta fita ba ko fitila, ta tattaro kazar da ƙwan gaba ɗaya a cikin masaki, kazar na saran hannunta har jini, ta kai su ƙarƙashin gadonta. A nan suka ƙyanƙyashe. Muka shafa wa 'yan tsakin shuni don shirwa, duk da haka ta ɗauki wasu, muzuru ma ya yi nasa rabon. Waɗanda suka tsira, bayan an ba maƙwabci nasa, Baba ya kai su kasuwar Wudil ran Juma'a ya dawo da 'yar burguma. Jikokin wannan akuya aka sayar aka yi mini kayan ɗaki. Yanzu ki duba, da yayana ya soye ƙwan nan a daji, kamar yadda yara kan yi in sun ɗanɗana sun ji daɗi, me za a kira shi? Kakanmu yakan ce yaron da ya san daɗin ƙwai, ba a tura shi akurki shi kaɗai.

Ku yanzu kiret kuke saye, na kajin gidan gona da ba su san kwanci ba. Wannan ƙwan ko shekara kaza za ta yi a kansa ba abin da zai fito, don ba zakara a wurin. Ki dafa wa yaronki ya ci, ki kuma lallashi surukarki da ladabi, ba da gatsali ba, ita ma abin da ta tarar take faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne yaran naku ba su da abin kiwo. Mu da an yaye yarinya ake nuna mata 'yar kazarta, ta tashi tana sanin akwai ran da ke jiranta da tsaba da ruwa. Ku kuma dusa ma zubarwa kuke yi.

Akwai sagara biyu da na ware miki, in direban garinmu zai shigo zan ba shi. Ki sa maigidanki ya kafa akurki a inuwa. Kafin hunturu ki nemi malamin dabbobi ya ɗiga musu maganin rigakafin nan da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta garin Vom, don da sanyi ne annoba ke share kaji, maɗaci kaɗai ba ya tare ta.