Ƙanena ya faɗo daga shantiye, mai kwangila na son ya dangwala hannu a takarda: mi doka ta ce?

"Salamu alaikum Metir. Ni mazaunin Bagalam ne nan cikin Maraɗi. Ƙanena lebura ne, wata takwas ke nan yana aiki wani shantiye na bene can wajen unguwar Zariya, jaka 3 ake biyanshi a wuni. Yau kwana 19 katakon da sunka kafa suna hawa ya karye da shi daga hawa na biyu, ya hwaɗo ya karye a cinya, bayanshi kuma har yanzu bai barinshi kwana. Mai kwangilar ya kai shi wurin mai ɗori ya ba mu jaka 20, yanzu kuma ya aiko da wata takarda da faransanci wai ya dangwala hannu a ba shi jaka 50 magana ta ƙare. Ya ce ba ma'aikacinshi ba ne tunda babu kontara, kuma ko kes, wato asusun inshorar ma'aikata, ba ta san da shi ba. Mai gidan wani babban Alhaji ne, tsohuwarmu ta ce mu bar ma Allah. Abokan aikinshi suna nan suna hawan irin katakon. Mi za mu yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannunku da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ka gaida min da tsohuwa.

Kafin komi, kar ya dangwala hannu a takardar nan, kuma kai ma kar ka sa hannu a madadinshi. Ku ɗauki hotonta da waya in an sake kawo ta, ku ce sai an karanta muku. Irin waɗannan takardu na sha ganinsu, sau da yawa abin da ke ciki ba wai "na karɓi jaka 50" ba ne kawai, a'a, za ka tarar an rubuta wai a gida ya faɗi, ko wai shi da kanshi ya hau ba wanda ya sa shi, ko ya yafe duk wani haƙƙi har abada. Ko da ya riga ya dangwala ba shi ke nan an rufe ƙofa ba, don haƙƙin da doka ta ba wanda ya ji ciwo a wurin aiki ba abin da ake sayarwa a zaure ba ne, amma za ku ƙara wa kanku wahala ta banza wajen warware ta.

Na biyu, gobe da safe ku kai shi asibiti. Ba raina masu ɗori nake ba, mu duka nan mun san aikinsu, amma karayar cinya da ciwon baya na wanda ya faɗo daga bene abu ne da sai an yi hoto, kuma ta fuskar shari'a mai ɗori ba ya ba da takarda. Abin da kuke nema wurin likita shi ne sartifika da zai faɗi irin raunin, da ranar da abin ya faru, da cewa a wurin aiki ne, da kwana nawa zai yi bai iya aiki ba. Ku gaya wa likita gaskiyar ranar, kar ku ce jiya ne don jin kunyar kun makara. Duk ordonans, da rasit na famasi, da hoton ƙashi, ku sa su a leda guda ku adana kamar takardar fili.

To mu zo ga maganar "babu kontara". Wannan magana ba ta da ƙafa. Dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ba takarda take kallo ba don ta ce wane ma'aikaci ne, abin da take kallo shi ne: kana yi wa wani aiki, a ƙarƙashin umurninshi, yana biyanka? In haka ne to akwai kontara ko da baki aka ƙulla ta, kuma ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya. Wanda ake biya kullum da maraice ma ma'aikaci ne, balle mai wata takwas.

Nan ne nake son ka buɗe kunne da kyau, don a nan ake cin irin wannan shari'a ko a faɗi. Kowane shantiye, komi ƙanƙantarshi, akwai wani kaye da shugaban leburori ke riƙewa, na puwantaj, irin kayen ƴan makaranta mai dala talatin ko arba'in, bangonshi duk siminti, an ja layi da biro an rubuta sunaye a gefe ana sa alama kullum wane ya zo wane bai zo ba, don da shi ake biya. Mutane ba su ɗauke shi komi ba amma a gaban ansifekta, wato jami'in gwamnati mai sa ido kan bin dokar aiki, ko alƙali ya fi shaidu goma da za su iya juya baki. Na taɓa riƙe shari'ar wani magini da patron ɗinshi ya rantse bai taɓa ganinshi ba, sai ga hoton shafi biyu na kayen nan da wani yaro mai kwaɓa siminti ya ɗauka da wayarshi, sunan mutumin na nan layi na huɗu, alama kullum kullum har ranar da ya faɗi, daga ranar sai fili. Patron bai ƙara cewa komi ba sai maganar nawa za a biya. Don haka cikin abokan aikin ƙanenka nemi wanda ka yarda da shi ya ɗauko muku hoton shafukan tun kafin kayen ya "ɓace", don yana ɓacewa da zarar an ji kun je ofis. Haka hoton katakon da ya karye in yana nan, da inda ya faɗo, da wanda suke hawa yanzu. Saƙon murya na WhatsApp da mai kwangila ya taɓa turo mishi yana cewa gobe ka zo da wuri, kar a goge. Jaka 20 ɗin da ya bayar ma shaida ce, ka rubuta ranar da waɗanda ke wurin, don mutum ba ya biya wa wanda bai sani ba kuɗin ɗori. In kuna da hali ku ɗauki wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya je ya gani da idonshi ya rubuta, takardarshi tana da nauyi sosai a kotu, amma da kuɗi, in babu hotunan ma sun taimaka.

Abin da ya kamata mai kwangila ya yi tun farko shi ne ya sanar da hatsarin cikin awa 48, a sanar da ansifeksiyon ta aiki da kuma kes, wato CNSS. Bai yi ba, laifi ne a kanshi. Amma doka ba ta bar ma'aikaci a hannun patron ba, shi wanda ya ji ciwon ko danginshi suna iya zuwa su sanar da kansu, kuma an ba su har shekara 2 daga ranar hatsarin. Kar shekara biyun nan ta ruɗe ku, cikin satin nan nake son ku je, tun shantiyen bai tashi ba leburori ba su watse sun tafi gona ko Najeriya ba.

Mi ake samu in an karɓi abin a matsayin hatsarin aiki? Magani da asibiti duka ba daga aljihunku ba. Sannan kuɗin zaman jinya: rabin abin da yake samu a wuni har kwana 28 na farko, daga kwana na 29 kuma kashi biyu cikin uku har ya warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. Mu ƙiyasta da jaka 3 ɗinshi, kes tana da yadda take nata lissafin amma don ka ga girman abin: 1.500 sau 28 ya ba da jaka 42, sannan jaka 2 kullum, in ya yi wata uku a kwance ana maganar sama da jaka 160, ban da magani. In kuma ƙafar ta bar mishi naƙasa, likita zai auna ta kashi nawa ce cikin ɗari, a kan haka ake yanka mishi kuɗin da zai riƙa karɓa. Yanzu ka ɗora jaka 50 ɗin can a gefe ka gani. Kuma in an tabbatar sakacin patron ya wuce misali, kamar an gaya mishi katakon ya ruɓe ya ce a hau haka nan, ana iya neman ƙari a kan wannan.

Cewa kes ba ta san da shi ba, wannan ba laifin ƙanenka ba ne. Patron ne doka ta ɗora wa yi wa ma'aikaci rajista, kuma kuɗin da ake zubawa na ɓangaren hatsarin aiki, kashi 1,75 cikin ɗari na albashi, patron kaɗai ke biyanshi, ba a cire ko dala daga na ma'aikaci. Wanda ya ƙi yin rajista bai kuɓuta ba, kanshi ya jawo wa bashin baya da tara da nauyin jinyar. Ba zan ɓoye maka ba, dosiyen wanda ba shi da lamba ya fi jan ƙafa, za a yi ta je ka dawo, shi ya sa nake son ku fara ta ansifeksiyon don su ne za su kira mai kwangila su tabbatar da cewa ma'aikacinshi ne.

Sai maganar Alhaji mai gida. Ku bincika ku gane wa ya ɗauki wa. In wanda kuke kira mai kwangila ɗan ƙaramin tasharon ne da ya karɓi aikin daga hannun wani kamfani, to in ya ce ba shi da ko sisi doka ta ba ku damar bin kamfanin da ya ba shi aikin a shantiyenshi. In kuma Alhajin ne da kanshi ke sayen kaya yana biyan leburori yana ba da umurni, shi wancan ɗan aike ne kawai, to Alhajin ne patron komi girman rawaninshi. In ko ya ba da kwangila ne gaba ɗaya ya koma gefe, kama shi zai yi wuya, don aya ta 1386 ta kundin dokar farar hula da ke ɗora wa mai gini alhakin ɓarnar da gininshi ya yi tana magana ne a kan gini da ya rushe saboda rashin gyara ko aibin ginawa, nan kuwa katakon hawa ne ya karye. Duk da haka ku leƙa meri ku ji ko benen yana da izinin gini, wanda ba shi da shi bai cika son maganar ta yi nisa ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarka shi ne layin ƙarshe, cewa sauran suna nan suna hawa. Doka ta wajabta wa patron ya ɗauki duk matakin da zai kare rai da lafiyar ma'aikatanshi, ya kuma koya wa sabon ɗauka yadda zai kiyaye kanshi, kuma akwai rajistan patron da ya kamata a ce yana ajiye, wanda ake rubuta sunayen ma'aikata da albashinsu da hutunsu, da wani ɓangare da aka keɓe wa ansifekta yana rubuta gargaɗinshi da wa'adin gyara. Ansifekta yana da ikon shiga wurin aiki ba tare da ya sanar ba, ya nemi takardun nan, ya ba da wa'adi, kuma aikinshi ya hana shi faɗin wanda ya kawo ƙara, saboda haka yaran can kar su ji tsoron za a kore su. Mu a jihar nan mun ga abin da sakaci ke yi, cikin watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a wajen Ɗan Isa, washegari kuma gobara ta cinye azuzuwan zana da ƙananan yara a ciki nan cikin gari. Don Allah in kun je ku faɗi maganar katakon, kar ku tsaya ga ta kuɗi kaɗai.

Ita kuma tsohuwa, ka lallaɓa ta, ba ta yi laifi ba, tsoro take ji kar a ce ɗiyanta sun kai babban mutum ƙara. Ka gaya mata ba kotu za a fara zuwa ba, sulhu ne, kuma ni ma sulhun na fi so in zai yiwu don ya fi sauri kuma yaron yana buƙatar magani yanzu. Bambancin kawai a yi shi gaban ansifekta, a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, a bar ƙofa a buɗe in likita ya ce akwai naƙasa, kowa ya sa hannu. In an kasa daidaitawa ansifekta zai ba da takardar rashin sulhu a wuce kotun ma'aikata a nan babbar kotun Maraɗi, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne. In kuna son lauya ba ku da hali, ku tambayi ofishin ANAJJ a cikin kotun, hukuma ce da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a shari'a. Akwai kuma hanyar kai ƙara komisariya a kan jikkata mutum ta sakaci, haƙƙinku ne, amma ni da zan ba ku shawara ku riƙe ta tukuna har ku ga yadda zaman ansifeksiyon ya kaya, don da zarar an shiga nan zukata sukan bushe.

Ranar da za ku je ka riƙo katin ɗan ƙasa na ƙanenka, sartifikan likita, ledar rasit, hotunan a waya kuma a wanke su a takarda, sunaye da lambobin mutum biyu da suka ga faɗuwar, da cikakken sunan mai kwangila da kwatancen shantiyen. Duk takardar da kuka miƙa ku riƙe fotokofinta, ku sa a buga muku kashe, wato hatimin ofis, da kwanan wata a kan taku. In sun ba ku ranar zama ka sake rubuto min kafin ranar, in gaya maka abin da za ku karɓa da wanda ba za ku karɓa ba.