Zan iya daidaita zafi da sanyin kowane ɗaki ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zaune a Ingila ya nuna mini yadda yake daidaita ɗumin kowane ɗaki na gidansa daga wayarsa. Ni ina da na'urar sanyaya ɗaki guda huɗu, yara suna barin tasu a kan digiri 16 har gari ya waye, mahaifiyata kuwa ba ta jure sanyi, musamman da hunturu. Shin zan iya yin irin nasa, kuma zai rage mini kuɗin wuta?

Daga wani magidanci, Tarauni, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da ƙanenka ya saka ba zai yi maka amfani ba, domin a can tukunya ɗaya ce ke dafa ruwa da gas, ruwan ya bi bututu zuwa ƙarafan da ke jikin bangon kowane ɗaki, shi kuma abin da ya ɗaura bawul ne mai batir da ke buɗe wa ruwan hanya ko ya rufe. Ba a gina gidajen Kano da wannan tsari ba, kuma mu da zafin Afrilu ke kai mu digiri 40 ko fiye, sanyi muka fi nema. Sai dai ka riga ka mallaki rabin abin, tunda kowane ɗaki da na'urarsa.

Abin da ya rage shi ne wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, irin ta Sensibo ko Broadlink, wadda ke kwaikwayon rimot, tana kuma karɓar umarni daga manhajar waya ta Wi-Fi. Kowane ɗaki yana bukatar tasa, a kafa ta inda take kallon na'urar sanyin ba tare da labule ko sif ya tare ta ba, kuma nesa da hasken taga, don kada ta auna zafin da ba na ɗakin ba. Daga nan sai ka tsara wa ɗakin yara digiri 24 bayan sallar isha'i, ta kashe kanta da asuba. Ka dai tuna ka adana rimot ɗin a aljihun tebur, domin yaron da ya same shi zai mayar da ita 16 kana barci.

Batun kuɗi kuwa, na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan sama da kilowat ɗaya kaɗan yayin da injinta ke aiki, kuma a Afrilun 2024 aka ƙara wa masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin kowane yunit zuwa fiye da naira 200. Duk awar da ka rage, kusan yunit guda ka tsira da shi. Amma dole 'yar na'urar da akwatin Wi-Fi su zauna a kan inbata, in ba haka ba duk lokacin da aka ɗauke wuta tsarin ya tsaya.

Ɗakin Hajiya ne ba na son a damƙa wa waya. Ita ɗumi take bukata, kuma hitar ɗumama ɗaki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, saboda haka soket mai wayo na amfiya 16, wanda ake kunnawa ta waya, zai ɗauke ta, amma ban yarda a kunna ta daga nesa ba, domin ba ka ganin ko mayafi ko darduma ta faɗa a kanta. A saya mata mai kashe kanta idan ta faɗi ko ta yi zafi da yawa, a kunna da hannu, a kuma raba ta da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda iskarsa ke kisa ba tare da wari ba. Ka fara da ɗakin yara kawai, ka rubuta yunit ɗin da mitarka ta ci a wata guda, sannan ka yanke shawarar sauran ukun.