Waƙafin Ingilishi ba wurin shan numfashi ba ne

Ƙanena, saƙonka ya iso ni nan Ingila. Ka ce ka gama Jami'ar André Salifou, kana shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Ingilishi, amma mai duba maka rubutu kullum sai ya zagaye waƙafinka da jan biro. Ni ma haka na sha. Takardata ta farko a nan, da malamar ta miƙo mini ita, sai ka ce an yanka kaza a kai.

A lakwal mun saba sa waƙafi duk inda numfashi ya tsaya. Ingilishi kuwa ginin jimla yake dubawa.

Akwai kalmomi bakwai masu haɗa abubuwa biyu tsaran juna: for, and, nor, but, or, yet, so. In ka ci karo da ɗaya, ka rufe ta da yatsa, ka karanta hagu, ka karanta dama. Idan kowane ɓangare zai iya tsayawa da ƙafarsa, da mai aikinsa da aikatau ɗinsa, to waƙafi ya zo kafin kalmar: I went to Dolé market, but the shop was closed. In kuwa na daman ba shi da mai aiki nasa, bar shi haka: I went to the market and bought onions. Mutum ɗaya ne ya je, shi ne kuma ya sayo albasar, me za ka raba?

Su because, although, when da if wata ƙabila ce daban. Ɓangaren da suke ja ba ya rayuwa shi kaɗai, kamar ɗan goyo yake. In ya shigo gaba, a sa waƙafi a bayansa: When the rain stopped, we left Mirriah. In ya koma baya, galibi ba a sawa: We left Mirriah when the rain stopped.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne however. Na ɗauka ɗan'uwan but ne, ashe ba haka ba. Waƙafi kaɗai ba ya riƙe jimla biyu a gabansa. Sai ka sa aya, ka fara sabuwar jimla da However, sannan waƙafi ya biyo.

Ka kula da lambobi ma. Abin da muke rubutawa 6,5 a Faransanci, su 6.5 suke rubutawa, waƙafi kuma na dubbai ne, kamar 1,000.

Aiki na biyu a jarrabawar rubutu kalmomi 250 ne aƙalla, cikin kamar minti 40. Ka ware minti uku na ƙarshe don gwajin yatsan nan. Rubuto mini guda kafin Juma'a in duba. Ka gaida Inna da mutanen Birni.