Ku Tambaya Mu Amsa: Kundin Farko na Mawaƙan Kantiri Masu Cin Gashin Kansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saurari *Barton Hollow*, kundin farko na mawaƙan Amurka The Civil Wars. Kusan babu komai a ciki sai jita da muryoyi biyu, amma ya cika kunne, kuma na ji an ce ba babban kamfani ne ya fitar musu ba. Yaya ake irin wannan aiki? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Joy Williams da John Paul White sun haɗu a 2008 a wani zaman rubuta waƙoƙi a birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka. A 2009 suka sa wasan da suka yi a wani gidan wasa mai suna Eddie's Attic a intanet kyauta, mutane suka san su tun kafin su sami abin sayarwa. Kundin ya fito ranar 1 ga Fabrairu 2011 a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Sensibility Music, Charlie Peacock ne furodusa. Ya shiga jadawalin Billboard 200, na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, a lamba 12, a 2012 kuma ya kawo musu kambun Grammy biyu.

Kiɗan da ba shi da hayaniya ya fi wuyar ɗauka, domin babu ganga ko tarin kayan kiɗa da za su rufa wa kuskure asiri. Shi ya sa masu wannan salo ke farawa daga ɗaki. Bango tsirara yana mayar da sauti, sai muryar ta fito kamar daga cikin banɗaki. A rataya barguna masu kauri, a shimfiɗa kafet, a kashe fanka da firji.

Sai jita. A canja tsirkiyoyi kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka: tsohuwa ta dushe, wadda aka ɗaura yau kuma tana saki a tsakiyar waƙa. A ajiye makirufo santimita 20 zuwa 30 daga jitar, yana kallon inda wuyanta ya haɗu da jikinta. Sabon shiga yakan saita shi daidai ramin tsakiya, yana ganin daga nan sauti ke fitowa. Can ne ƙananan sautuka ke taruwa, sai a ji ruri kamar daga rijiya, kuma ba ya gyaruwa sosai a kwamfuta. In za a sa makirufo biyu, tazarar da ke tsakaninsu ta ninka tazarar kowanne daga jitar sau 3. In ba haka ba sauti yakan isa gare su a lokuta mabambanta, ɗaya ya cinye ɗaya, jitar ta sirance. Gwajin mai sauƙi ne: a haɗe su a lasifika guda, in kaurin ya ɓace to a matsar da ɗaya.

Muryoyin nan biyu su ne jarin. A ganinmu gara su tsaya suna fuskantar juna, makirufonsu na ba juna baya, su rera tare, kowa na ganin leɓen ɗan'uwansa. Abin da ke tona asirin waɗanda ba su yi atisaye ba shi ne ƙarshen kalma: wannan ya rufe baki, wancan bai rufe ba, sai a ji "s" biyu a jere. A saita ingancin ɗauka a kwamfuta a 24-bit, ƙololuwar sauti ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Wanda ya cika ma'auni har ya taɓa sifili ya fasa sautin, sai dai a sake.

Tambaya: Wane abin kiɗa ne ke jan sauti kamar kuka a waƙoƙin kantiri? Goge ne? ('Yar'uwa daga Maraɗi)

Amsa: Malama, mai yiwuwa jitar kwance kika ji, wadda suke kira pedal steel. Tana kan ƙafafu kamar teburi, galibi da tsirkiya 10. Makaɗi na zamar da sandar ƙarfe a kansu da hannun hagu, yana taka fedoji da ƙafa, yana tura wasu sanduna da gwiwa don canja sauti. Gogen ma suna da shi, mai tsirkiya 4. Banjo kuwa, mai tsirkiya 5 da fata a fuska, asalinsa kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne da bayi suka ƙera irinsu a Karibiyan da Amurka. Duk wanda ya san molo da gurmi zai ga dangantakar. A kundin farko kada a cika su wuri guda: mai jitar kwance ya amsa a inda mawaƙi ya numfasa, kada ya hau kan muryar.

Tambaya: Bayan an gama ɗauka, ta ina kundin ke bi ya isa Spotify, kuma ina kuɗin? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ɗan'uwa, mawaƙi ba ya ɗora waƙa kai tsaye. Yana bi ta dillalai irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby, su ne ke ba kowace waƙa lambar shaida ta ISRC mai haruffa da alƙaluma 12, kundin kuma lambar kaya ta UPC. A miƙa aikin mako 4 kafin ranar fita, wadda tun Yulin 2015 ta zama Juma'a a yawancin duniya. Dalilin gaggawar shi ne Spotify na karɓar waƙa ɗaya tak don editocinsa su duba, kuma sai an tura ta aƙalla kwana 7 kafin ta fito.

Ba a ƙirga sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun ko sisi daga kason masu sautin da aka ɗauka. Don haka ƙananan ƙungiyoyi suka fi dogara da wasanni da sayar da faifan garmaho, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar kimanin minti 20. In aka cusa fiye da haka ƙarfin sautin ke raguwa.

Inda aka fi yin asara shi ne haƙƙin mallaka, domin iri biyu ne: na sautin da aka ɗauka, da na rubutun waƙar. Dillali na farkon yake tarowa. Na biyun sai marubuci ya yi rajista da ƙungiyoyin da ke tara wa marubuta kuɗinsu: a Amurka, ASCAP ko BMI, da kuma The MLC da ta fara aiki a 2021. A Nashville al'ada ita ce duk wanda ya zauna aka rubuta waƙa da shi a raba daidai. Ko ma yaya aka yanke, a rubuta kason kowa a takarda, a sa hannu a ranar, kafin a tashi daga zaman.